Sa'a Guda a Matan Fada: Wa Ke da Biki, Mai Yi ko Mai Kallo?

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san cewa wasa ma yana da lokacinsa, kamar yadda shuka take da nata. Da damina babu mai sukunin wasa, domin fartanya ce a kafaɗa tun da asuba. Da kaka ana fama da girbi da ɗaurin dammuna, kalankuwa ta biyo baya. Amma idan hunturu ya fara ja da baya, iska ta kwanta, zafin bazara ya leƙo, wato daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa cikin Maris, to lokacin ne manomi yake samun kansa. Hatsi yana rumbu, gona ba ta nemansa sai don shara, ruwan sama kuwa da sauran watanni. A wannan tsakanin ne ake jin kiɗan 'yan dambe da na 'yan kokawa a dandali, mafarauta su shiga daji, a yi ta ɗaurin aure da buki. A garuruwan da ke bakin gulbi kuwa, wannan ne lokacin su.

Daga cikin dukkan su ɗin da ake yi a wannan lokaci, babu wanda sunansa ya yi nisa kamar na Argungu, a Jihar Kebbi. Kwana huɗu ake yi ana shagali. Akwai dambe da kokawa da kaɗe-kaɗe, akwai baje kolin amfanin gona, akwai kuma kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa irin su tseren kwale-kwale, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Sai dai duk waɗannan share fage ne. Abin da ya tara mutane shi ne safiyar ranar ƙarshe, lokacin da dubban masunta za su yi sahu nesa kaɗan da gaɓar Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, suna jiran a harba bindiga. Da jin ƙarar sai su kwasa a guje, ƙura ta turnuƙe, su auka cikin ruwa har a daina ganin ruwan sai kawuna da goruna. Makaɗa suna cikin jirage suna kiɗa, masunta suna nutso suna ɓullowa. Bayan sa'a guda an gama. A kai manyan kifaye kan ma'auni, wanda nasa ya fi nauyi shi ya ci. A shekarar 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da ƙarti suka taru kafin a ɗora shi a sikeli.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu, ya mai karatu, ita ce: wannan biki na wane ne? Na masuncin da ke cikin laka ne, ko na babban baƙon da ke zaune a rumfa? Idan aka ɗauki al'adar da mutane suke yi domin rayuwarsu, aka sa mata rana a kalandar gwamnati, aka gina mata rumfunan kallo, aka rataya mata mota a matsayin kyauta, shin ita ce dai, ko kuwa wani abu ne daban yake sanye da rigarta?

Akwai amsa mai sauƙi wadda takan zo bakin masu kishin al'ada, ni ma na daɗe ina riƙe da ita. Amsar ita ce 'yan kallo ne suka ɓata abin. Wai da can su ne na tsakani da Allah, Kabawa suna yin abinsu babu ruwansu da kowa, sai baƙi da masu kyamara da 'yan siyasa suka zo suka mai da shi wasan kwaikwayo. Wannan magana tana da daɗin faɗi, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Hasali ma, bikin Argungu kamar yadda muka san shi an fara shi ne domin a nuna wa baƙo.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane nauyin wannan baƙo. Kabi tsohuwar daula ce, tun zamanin Kanta a ƙarni na 16, wanda kufan birninsa na Surame yake nan har yau. A 1805 rundunar jihadi, a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci Birnin Kabi. Amma Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka ja daga, Argungu ta zama cibiyarsu. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari. Ɗansa Yakubu Nabame ya zauna shekara da shekaru a hannun Sakkwato, sannan a 1849 ya koma gida ya sake ɗaga tutar Kabi. Daga nan aka ci gaba da gaba da kai hare-hare tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu, in ban da ɗan sulhun da akan yi ya wargaje, har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20. Turawa sun hana yaƙi, amma hana yaƙi daban, wanke zuciya daban. Sai a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya gagarumin su domin girmama shi.

A nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani. Mutanen da kakanninsu suka yi kusan shekara ɗari suna nuna wa Sakkwato tsinin mashi, me za su nuna wa Sarkinta ranar da ya zo musu da sallama? Da sun so, da sun yi hawan dawaki kawai, su jera barade da lifidi da kwalkwali, wanda a fakaice yana nufin: dubi abin da muka tare ku da shi. Maimakon haka sai suka kai shi bakin ruwa, suka nuna masa sana'arsu, wato abin da suke ci da 'ya'yansu da shi. A ganina babu wata hanyar neman zaman lafiya da ta fi wannan ladabi. Kuma akwai jan aji a cikinta, domin duk girman Sarkin Musulmi, a bakin gulbin Kabi shi ɗan kallo ne, Bakabe ne gwani. An girmama baƙo, mai gida bai ƙasƙanta ba. Ko da aka zo 1970, shekarar da yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare, Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarci bikin, sabon baƙo ne kawai ya zauna a tsohuwar tabarma.

Ashe ke nan kallo ba shi ne cutar ba. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, kuma babu wata fasaha tamu da ba ta son ido. Ɗan dambe ba ya ɗaure hannu a ɗaki shi kaɗai, makaɗi ba ya kiɗa wa bango. Idan akwai abin da ke barazana ga bikin, sai mu neme shi a wani wuri.

Abin da aka nuna wa Sarkin Musulmi a 1934 ba a ranar aka ƙirƙire shi ba. Tun kafin nan Kabawa suna da al'adunsu na ruwa, kamar gyaran ruwa da fashin ruwa, kuma suna da masu riƙe da su: Sarkin Ruwa, wanda amanar gulbi take hannunsa, da Homa, shugaban masunta. Wasu daga cikin abubuwan da ake yi wajen gyaran ruwa sun samo asali ne tun kafin Musulunci ya kafu sosai, malamai kuma sun yi magana a kansu; wannan wani babi ne da ba shi na sa gaba ba. Abin da ya dame ni shi ne kalmar nan fashin ruwa. Ba a fasa abu sai in da can a rufe yake. Ma'ana, kafin ranar su akwai watanni masu yawa da ruwan yake a rufe, ba a yarda kowa ya jefa birgi ko ya kafa mamari a wannan yanki ba. Matan Fada tana nan kwance a gefen gari, cike da giwan ruwa da balli da tarwaɗa, masunta suna wucewa ta gaɓarta kullum, wani ma bai ajiye komai a gida ba, amma ba ya taɓawa.

Wannan hani ba don ado aka yi shi ba. Wanda ya san gulbi ya san dalilinsa. Da damina ruwa yakan cika ya malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su yi girma a can inda abinci yake da yawa. Idan rani ya yi, ruwa ya janye, sai kifin ya tattaru a gurabu masu zurfi, ba shi da wurin gudu. A bazara, lokacin da ruwa ya fi ƙanƙancewa, mutum goma da taru ɗaya suna iya share gurbi kaf cikin 'yan kwanaki, balle a ce an zuba magimfa ko maganin ƙwarin gona. In an yi haka, baɗi babu iri. Don haka magabata suka ce a rufe, a buɗe rana ɗaya, kowa ya shiga lokaci guda, da kayan aiki iri ɗaya. Homa da gora ba sa iya ƙarar da kifin gulbi cikin sa'a guda, ko mutum dubu nawa ne. Kuma ba sa fifita mai kuɗi a kan talaka, tun da gora ba ta san ɗan sarki ba; in ba ka iya nutso ba, ba ka iya ba.

To, a nan ne nake ganin zuciyar bikin take. Sa'a gudan nan da ake ɗauka a hoto, ribar haƙurin wata goma sha ɗaya ce. Ƙaton kifin da ake ɗagawa sama shaida ne cewa mutanen gari guda sun riƙe wa juna amana tsawon shekara, a wurin da babu katanga, babu ƙofa, cikin dare ma babu mai gani sai Allah. Ɗan kallo yana ganin guje-guje da fantsamar ruwa, ya ce ya ga al'ada. Alhali mafi girman ɓangaren al'adar ba ya kalluwa, domin ba aikatawa ba ne, bari ne. Yaya za a yi a ɗauki hoton mutumin da ya wuce ruwa cike da kifi ya kau da kai?

Yanzu sai mu zo kan kyauta. A 2008 an yi wani abin kunya da ya shiga kafofin labarai har na ƙasashen waje. Bayan an ba wanda kifinsa ya fi nauyi kyautarsa, sai ta bayyana cewa kifin ba a Matan Fada aka kama shi ba. Mataccen kifi ne aka kawo daga wani ruwan, aka shigo da shi a ɓoye, aka fito da shi kamar yanzu aka kama. Aka karɓe kyautar, aka kama mutumin. Ba ni da niyyar wanke shi, ha'inci ha'inci ne. Amma ina ganin akwai abin da wannan mutum ya fahimta daidai, kuma shi ne abin tsoron. Ya fahimci cewa a idon masu shirya gasa, abin da ake tambaya ɗaya ne: kilo nawa? Sikeli ba ya tambayar daga wane ruwa kifi ya fito, ba ya tambayar ko an yi haƙuri an jira shi. Idan nauyi ne kaɗai ma'auni, to kifin Kwara da kifin Matan Fada duk ɗaya ne, wanda ya yi wahalar kiyaye doka kuma shi ne wawa. Mai ha'incin ya bi wannan lissafi ne har ƙarshensa.

Kada a ɗauka ina cewa a daina ba masunta kyauta. Wanda yake zaune a ofis yana karɓar albashi ba shi da bakin da zai ce wa masunci ya yi al'ada don Allah. Mutumin da ya shekara yana fama da sanyin ruwa da sauro, in ya sami mota ko kujerar Makka ta dalilin gwanintarsa, Allah Ya ƙara. A 2020 wanda ya kama kifi mai kilo 78 ya sami miliyoyin naira da mota da kujerar aikin hajji, kuma ban ji wani masunci ya yi baƙin ciki ba. Ban da haka, fasahar Hausa ba ta taɓa rabuwa da kyauta ba. Da kyautar sarakuna da attajirai makaɗan fada suka rayu, da ita ɗan kokawa yake komawa gida da riga ko ɗan akuya. Sai dai akwai bambanci, ko da yake siriri ne. Kyauta irin ta gargajiya tana biyo bayan aiki ne, kuma tana fitowa daga hannun wanda ya ga aikin da idonsa, abin ya burge shi. Ya ga yadda ka yi, ba abin da ka samu kawai ba. Ita kuwa ta gasa tun kafin a fara an sanar da ita, an ajiye ta a fili tana ƙyalli, kuma ba mutum ne yake yanke hukuncinta ba, ƙarfe ne. Ta farko tana sa mutum ya so a gan shi yana yi. Ta biyu tana iya sa shi ya so kada a ga yadda ya yi.

Amma labarin 2008 yana da wani gefen da ba a cika ambata ba. Ba sikeli ne ya tona asirin ba, sikeli ya riga ya amince. 'Yan'uwansa masunta ne suka ƙi yarda, suka yi ƙorafi har aka bincika. Su sun san kamannin kifin da ya fito daga ruwa yanzu, sun san na jiya. Kuma abin ya yi musu zafi ne ba don kuɗin kawai ba. An ci amanar da su suka riƙe. Wannan ya nuna mini cewa a ƙarƙashin rumfuna da tutocin kamfanoni, masu abin suna nan, kuma sun san iyakar abinsu.

Jarrabawa ta biyu ta fi wannan tsawo. Bayan bikin 2009 sai aka daina yi, saboda matsalar tsaro da ta addabi Arewa da wasu dalilai, ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. Abin mamaki, a tsakiyar wannan hutu ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su, a taron da ta yi a Adis Ababa. Wato duniya ta ba shi lambar girma a lokacin da shekara bakwai ke nan ba a harba bindiga a Matan Fada ba. Yaron da aka haifa a Argungu a 2009 sai da ya shekara goma sha ɗaya kafin ya ga abin da aka san garinsu da shi. Idan biki yana iya tsayawa shekara goma domin gwamnati ba ta shirya ba, to lalle wani ɓangare nasa ya riga ya bar hannun mutanen gari. Dambe ba ya jiran kasafin kuɗi, in kaka ta yi za a yi. Girman da Argungu ta samu shi ne ya sa ta zama ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

Akwai kuma wanda bai taɓa zama a rumfa ba, amma ya fi kowa iko da bikin, wato ruwan kansa. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan gulbin Rima a 1984, dukansu a sama da Argungu. Madatsu suna da amfaninsu ga noman rani da ruwan sha, ba na musu. Amma ambaliyar da take malala cikin fadama, wadda kifi yake hayayyafa a cikinta, ba ta zuwa kamar da. Sarkin Ruwa yana iya hana masunci jefa birgi, ba ya iya umartar injiniyan da ke riƙe da ƙofar madatsa a nisan ɗaruruwan kilomita. Amanar da da can take tsakanin mutanen gari ɗaya, yanzu ta haɗa da mutanen da ba su san juna ba, wasunsu ma ba su san an ba su ita ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani ƙarami ne. A wani bikin nuna al'adu da ɗalibai suka shirya a nan makaranta, nesa da gida, wasu samari biyu sun hau dandamali da homa da gora na aro, suka yi ta wawurar iska suna kwaikwayon su, aka jefo musu kifin roba, jama'a suka yi ta tafi. Ni ma na tafa, kuma na yi dariya har da hawaye. Wani abokina Bakabe da ke kusa da ni bai tafa ba. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai ko riƙon homar ba su iya ba." Na ce masa ya yi musu uzuri, masu kallon nan da yawansu ba su taɓa jin sunan Argungu ba sai yau, ko banza an sanar da su. Ya ce haka ne. Ya yi shiru, can kuma ya ce shi abin da yake tunawa ba ranar su ba ce. Yana tuna wata rana yana yaro, ya tafi da ƙugiyarsa inda aka hana, ya kamo 'yar ƙarfasa ɗaya, ya kawo gida yana murna. Mahaifinsa bai doke shi ba. Ya kama hannunsa, suka koma har bakin ruwa da kifin a cikin ƙwarya, ya sa shi ya mayar da kansa, sannan suka biya ta gidan Sarkin Ruwa ya sa shi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. A daren nan, in ji shi, da miyar kuka lami suka ci tuwo.

Har muka fito daga zauren muna tafe, ina neman yadda za a nuna wannan a kan dandamali a bikin baɗi, shi kuma yana ce mini ba mai tafa wa yaron da ya mai da kifi ruwa.